Irin Da Ya Ƙi Tsirowa a Zamalek

Alƙahira, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Allah Ya tsare ka a tafiyar nan da za ka yi, Ya tsare ka a inda za ka sauka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa ka gama da kowa lafiya.

Na san za ka yi dariya ka ga wasiƙa daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. Yi dariyarka. Sau uku ina kiran ka don in faɗa maka abin da ke cikin takardar nan, sau ukun ina ɓigewa da tambayar ko ka sayi takalmin aiki. Bakina ya gaza, shi ya sa na ari biron ƙanwarka.

Ranar Asabar za ka tafi garin Sitta Oktoba ka kama aikin lambu a ƙarƙashin Baffanka Usman, ka tare a ɗakin ma'aikata. Shi ya nema maka gurbin, shi ya tsaya maka. To, akwai abin da na yi wa mutumin nan tun kana ciki, wanda ba ka sani ba, Ummanka ma sai shekaranjiya ta ji. Ba zan bari ka je ka ci abinci a hannunsa kana cikin duhu ba. In ka gama karantawa, wataƙila ba za ka ƙara kallona kamar da ba, kuma ba zan ga laifinka ba. Amma bari in fara da ƙananan kurakuraina, ko na samu ƙarfin isa ga babban.

Ka san daga Gusau na zo ƙasar nan da niyyar karatun addini. Na faɗi jarrabawa shekara biyu a jere, tallafi ya yanke, kunya ta hana ni komawa gida. Baffanka Usman, Bahaushen Gadarif ta Sudan, shi ya lura da ni a masallaci, ya ga kullum ni ne na ƙarshen fita don ba ni da inda za ni. Ya kai ni gidan wani jakada a unguwar Zamalek inda yake shugaban masu lambu, ya ce da su ni ƙanensa ne. A ranar na fara ganin najila, wato shimfiɗaɗɗiyar ciyawar nan ta gaban gidajen manya. Na duba da kyau, sai na ga ashe ƙiri-ƙiri ce, wadda muke nomewa a gona mu zubar. A nan kuwa ita ake shayarwa, a yi mata aski, a tsare ta kada wata ciyawa ta raɓe ta. Na yi dariya, ya ce in yi dariyata in gama, da ita zan ci abinci.

Ban yi wata biyu ba na yi ɓarnar farko. Na ga wata ciyawa mai kaurin ganye, wadda Misrawa ke ce wa rijla, ta ɓullo nan da can a cikin najila. Na shiga ɗakin kaya na ɗauko galan ɗin da na ga ana fesa wa gefen hanyar mota. Tunanina shi ne, maganin ciyawa ai maganin ciyawa ne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na fesa, har ina jin daɗin kaina. Bayan kwana goma rijla ta mutu, najilar da ke kewaye da ita ma ta mutu, filin ya koma kamar kan yaro mai makero. Madam, matar jakadan, ta tsaya a baranda ta riƙe baki. Baffanka ya ce mata, "Ma'alish, a yi haƙuri, sabo ne, laifina ne da ban nuna masa ba." Ya kwashe sati uku yana cire najila daga bayan gida yana faci da ita.

Saboda haka, Habibu, kafin ka taɓa galan, durƙusa ka san ciyawar da ke gabanka. Mai faɗin ganye ce, ko mai siririn ganye irin na najila? Wadda ke mutuwa duk shekara ce ta bar iri, ko mai saiwa a ƙasa? Magungunan nan kashi uku ne. Akwai mai kashe duk wani kore da ya taɓa, wannan na gefen hanya ne da tsakanin duwatsu, ba ruwansa da tsakiyar fili. Akwai mai zaɓe, wanda zai kashe mai faɗin ganye ya bar najila, shi ma sai ka duba ko irin najilarku tana jure shi, don ba duka suka zama ɗaya ba. Sai na uku, wanda ba ya kashe abin da ya riga ya girma, aikinsa shi ne ya hana iri tsirowa. Ka ware wa mai kashe komai tankin feshinsa daban, ka shafa masa jan fenti, kada ka yarda da wanda zai ce maka ai an wanke. Kuma don Allah ka karanta takardar jikin galan tun daga sama har ƙasa. Na san ka, yini kake yi kana karatu a waya, amma in an miƙo maka takarda sai ka juya ta ka ce tamam, wai ka gane.

Kuskure na biyu na lokaci ne. Cikin bazara, kwanakin da iskar khamasin ke kaɗawa, aka ce baƙi za su zo ƙarshen mako. Na ga iska ta taso, na ce yalla, in yi sauri in gama. Maganin daidai ne wannan karon, mai zaɓe ne. Amma iska ta kwashe shi ta kai kan furannin yasmin da wardin da Madam ta fi so fiye da komai a gidan. Da gari ya waye ganyensu duk ya murɗe. Shekarar nan ba su yi furen kirki ba. Ban daddara ba, da tsananin zafi ya shigo na sake yin feshi da tsakar rana, najilar da ke fama da ƙishi ta yi jawur. Kai, in na tuna sai in rasa inda hankalina yake zuwa a lokacin.

Ka yi feshi da safe, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta yi ƙarfi. Ka jefa ɗan busasshen ganye sama, in iska ta ɗauke shi, mayar da tanki ɗaki, aikin ba na yau ba ne, ko wa ya matsa maka. Kada ka yi wa fili aski kwana biyu kafin feshi ko kwana biyu bayansa, don ta ganye magani ke shiga. Ka nemi mai buɗe famfunan ban-ruwa ka faɗa masa da bakinka ya bar wurin sai gobe, in ba haka ba zai wanke maka aikinka tas. Ciyawa tana ƙarama ake cin ƙarfinta, in ta tsufa ta yi iri wahala kawai kake yi. Ka sa safar hannu da takunkumi ko da abokanka za su yi maka tsiya. Dubi bayan hannuwana ka ga abin da taurin kai ya bar mini. Kayan feshinka kuma ka wanke su daban, kuma ko kusa kada ka juye ragowar magani a robar ruwan sha.

Sai aya-aya, wadda nan suke kira sa'ad. Wannan ciyawa ta koya mini haƙuri da ƙarfin tsiya. Na yi wani rani guda ina tuge ta da hannu, in cire ɗaya, bayan sati in tarar da biyar, saboda 'ya'yanta suna can ƙarƙashin ƙasa. Da haushi ya ishe ni na ninka ma'aunin magani sau biyu, na ƙone najila, ita kuwa aya-aya ta sake ɗago kai tana kallona. Tana da nata magani na musamman, ana yi a maimaita bayan wasu makonni, wani lokaci har rani biyu. Kada ka taɓa ƙara ma'auni a kan abin da aka rubuta. Ka kuma duba ko ruwa na kwanciya a wurin, don ta fi son inda aka cika ban-ruwa.

Baffanka da watannin manoman Misra yake lissafin shekara, kai ma za ka saba. Cikin Amshir, ƙarshen sanyi ke nan, kafin ƙasa ta ɗumama, ake sa maganin hana tsiro don tare ciyayin zafi irin su harƙiya. Shi wannan, saɓanin sauran, sai an bi shi da ruwa ya shiga ƙasa. In ka makara har suka fito, ka yi asara. Da zafi sai bin ɗaiɗaiku da mai zaɓe. Da zafi ya fara ja baya, wajen watan Tut, ake sake sa maganin hana tsiro don tare ciyayin sanyi. Fili mai kauri da ake shayarwa daidai, ake yi wa aski ba a ƙasa sosai ba, shi da kansa yake hana ciyawa wuri, magani taimako ne kawai. Na iso inda nake ta gudu, Habibu.

Ka san najila takan yi barci da sanyi, ta koma ruwan ƙasa. Shi ya sa manyan gidaje ke watsa irin ciyawar sanyi a kanta idan zafi ya wuce, don fili ya zauna kore har bazara. A shekarata ta uku a gidan, an shirya babbar liyafa a tsakiyar sanyi, a kan filin nan za a kafa rumfuna. Ana saura 'yan kwanaki a watsa iri, Baffanka ya ɗauki hutun kwana goma ya tafi Aswan ya taro matarsa da 'ya'yansa da suka taho daga Sudan ta jirgin ruwa. Ya bar mini makullin ɗakin kaya, ya ce in yi ban-ruwa da aski kawai.

Ni kuwa na gaji da zama ƙanen Usman mai ɓarna. Ina so a ce nima na iya. Na ji wani mai shago a Wustul Balad, can tsakiyar gari, yana yabon maganin hana tsiro, wai in ka sa shi yanzu ba za ka ga ciyawa ko ɗaya ba duk sanyin nan. Na sayo, na bi filin kaf, na bi shi da ruwa yadda ya ce. Ban faɗa wa kowa ba. Nufina sai sanyi ya yi nisa, fili ya yi tsaf, Madam ta yaba, sannan in ce aikina ne.

Baffanka ya dawo, ya je wurin dattijon da ya saba sayen iri a hannunsa, ya kawo buhu, muka watsa tare. Sati ɗaya, shiru. Sati biyu, shiru. Kullum da safe sai in gan shi a durƙushe yana tona ƙasa da yatsa. Ya sake sayo wani buhun, muka sake watsawa, shi ma ko ƙwaya ɗaya ba ta fito ba. Tun a sati na biyun nan, kafin buhu na biyu, gabana ya faɗi, na shiga ɗakin kaya na ɗauko galan ɗin daga inda na ɓoye shi, na karanta takardar. Ga shi nan da Larabci ƙarara: kada a shuka iri a wurin sai bayan watanni. Maganin bai san irin da ake so da wanda ba a so ba. Ni da na bar garinmu don karatun Larabci, layi huɗu ban tsaya na karanta ba. Na naɗe galan ɗin a buhu na jefa a motar shara.

Mudirin gidan, wato manaja, ya kira mu ofis. Ya ce da Baffanka tsohon iri matacce ya sayo da arha don ya amfana, kuma ya yi haka har sau biyu. Baffanka ya rantse. Sai ya juyo ya dube ni ya ce, "Isyaku, kai ka ga buhunan nan da idonka, faɗa masa."

Na ce, "Ni ban san komai game da iri ba."

Abin da na faɗa ke nan. Ummanka na da cikinka wata bakwai, takardar zamana a ƙasar nan tana rataye da aikin gidan, kuma na yi shekaru ina gaya wa kaina wannan a matsayin dalili. Ba dalili ba ne, tsoro ne da rashin kunya. Da na buɗe baki, da wuya ya wuce a zage ni, ko a kore ni, kuma na san Baffanka da ya sake nema mini wani wurin. Na sunkuyar da kai ina kallon tayil har aka karɓi makulli daga hannunsa.

Masu gidan suka sayo najila ta nannaɗe aka shimfiɗa, aka yi liyafa lafiya lau. Shi kuwa labarinsa ya bi bakin masu gadin Zamalek gida-gida, har unguwar Mohandessin, cewa Usman ba shi da amana. Ba gidan da ya ƙara ɗaukarsa. Ya yi shekara biyu yana dako a kasuwar kayan miya, ga iyali sababbin zuwa. Ni aka ba matsayinsa. Da albashin nan na biya hayar gidan da ka tashi a ciki, da shi ka yi makaranta. Kuma ranar sunanka ya zo tun da sassafe, shi ya yanka ragon, shi ya feɗe, yana ta tsokanata wai ban iya riƙe wuƙa ba. Wallahi ban iya cin naman nan ba.

Ga abin da zan ce maka a kan wannan. Duk abin da ka zuba wa ƙasa, ka rubuta shi a littafi, da ranar, da wurin, ka kuma faɗa wa na gaba da kai kafin ka yi, ba bayan ka yi ba. Kafin ka sa maganin hana tsiro, tambayi ko za a watsa iri ko a dasa wani abu a wurin cikin watannin da ke tafe. In za a yi, ajiye shi. Kada ka yi aiki a ɓoye don neman yabo. In kuma ka yi kuskure, wanda dole za ka yi, ka faɗa a ranar, kafin wani ya ɗauka a madadinka. A rana ta farko abin da nauyi, amma ana iya ɗauka. Ni da na bar shi ya kwana, kowace shekara sai ya ƙara yi mini wuyar faɗa, har ta kai ina sauya hanya in na hango shi a masallacin Juma'a.

Da ya kira ni watan jiya ya ce ya samar maka gurbi, har yana murna, na kasa cin abinci. Ranar Litinin na shiga mota na tafi Oktoba ba tare da na gaya maka ba. Na san ina iya jawo maka asarar aikin nan da ka daɗe kana jira, kuma ban nemi shawararka ba. Wannan ma ka yafe mini.

Na same shi a ɗakin kaya, ya tsufa, gemu fari fat. A kan kanta na ga faranti-faranti da jiƙaƙƙen tsumma, an zuba iri a kai. Ya ga ina kallo ya yi dariya ya ce, "Tun abin nan na Zamalek ban ƙara watsa irin da ban gwada ba. Na daina yarda da idona." Ya tashi zai haɗa mini shayi, na ce ya zauna. Na faɗa masa komai, tun daga mai shagon Wustul Balad har motar shara.

Na zaci zai ce dama ya sani, har ina fatan hakan, don da ya fi mini sauƙi. Ashe bai sani ba. Ko sau ɗaya bai taɓa zargina ba.

Can ya ce, "Shekara ashirin da biyu, Isyaku. Ka san na je na ci mutuncin dattijon nan mai sayar da iri a gaban 'ya'yansa? Na ce masa macuci. Ya rantse mini da Allah irinsa sabo ne, na tofar da yawu na fita. Ya rasu ba mu shirya ba. Wannan wa zan je in ba haƙuri?"

Na tsuguna a gabansa, ni da furfurata, na ce ya yi mini duk abin da ya ga dama, amma yaron fa?

Ya ce, "Yaro ya zo ranar Asabar. Bai yi mini komai ba, kuma na riga na ba shi kalmata. Zan koya masa aiki kamar yadda na koya maka. Amma kai kada ka rako shi. Ba na son ganin fuskarka yanzu. Ban ce har abada ba, ban kuma ce na yafe ba. Tashi ka tafi."

To, ka ji. Aikinka na nan. Ranar Asabar zan ɗaukar maka jaka zuwa tasha, in ga ka shiga mota, daga nan in juyo. Na so in kai ka har ƙofa in damƙa ka a hannunsa kamar yadda kowane uba ke yi, amma ni na hana kaina wannan.

In ka isa, ka gaishe shi da ladabi kamar kullum. Kada ka roƙe shi a madadina, kada ka kawo masa maganata sai in shi ya tayar. In ya yi maka tsawa, ka jure. In kuma ya ja ka a jiki ya kyautata maka, wanda na fi zaton shi zai yi, kada kunyata ta sa ka guje shi. Ka riƙe shi da kyau, ka ɗauke masa tanki in ka ga bayansa ya gaji. Mutumin da za ka koyi aiki a wurinsa ya fi ubanka, kuma na gode wa Allah da ya zama shi ne.

Ummanka ba ta yi mini magana ba tun shekaranjiya, sai dai ta ajiye abinci ta wuce. Tana da gaskiya. Kai ma in ba ka son magana da ni a hanyar tasha, ba sai ka yi ba, zan gane.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare jikinka da imaninka, Ya sa albarka a hannunka, Ya ba ka ƙarfin faɗar gaskiya tun tana da amfani. Allah Ya jiƙan dattijon nan mai iri, Ya saka wa Baffanka da alheri. In ka idar da salla ka tuna da ni, ka roƙa mini gafara.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Isyaku